Gadajen Aro

Duk wanda ya taɓa kwanciya a ɗakin maza na asibitin da ke bayan tashar mota ya san Sista Babba. Ba don girman jiki ake kiranta haka ba, 'yar firit ce, in ta tsaya bayan teburin magani kanta kawai ake hangowa. Daɗewa ce ta ba ta sunan. Ta zo ɗakin tana budurwa, ta yi aure tana ɗakin, ta haifi 'ya'yanta tana ɗakin, har furfura ta fara leƙowa ta ƙarƙashin farar hularta.

Mahaifinta mai gyaran keke ne. Wata shekara risho ya fashe masa a hannu, aka rasa mai wanke masa ƙunar, don kowa a gidan in ya gani sai ya kau da kai. Ita ce ta zauna, tana 'yar firamare, ta riƙa wankewa tana ɗaurewa har fata ta toho. Tun daga lokacin ya ce wannan yarinyar asibiti za ta, kuma bai huta ba sai da ya ga ta sa fararen kaya.

An san ta da abu guda: ba ta rarrashi da ƙarya. In allura da zafi, za ta ce da zafi, ka cije. In ciwo ya yi nisa, za ta ja 'yan uwa gefe ta gaya musu su kira na nesa. Saboda haka ake shakkarta, saboda haka kuma ake neman ta.

Ɗakin nata kuwa sai dai a yi shiru. Rufin yana yoyo ta ko'ina, da damina ta faɗi sai a jera bokitai da kwanoni tsakanin majinyata. Rabin gadajen sun karye, an ɗora wasu a kan bulo, sauran mutane a tabarma suke. Safar hannu kanta sai an wanke an shanya. Ba a taɓa zaman ma'aikata an tashi Sista ba ta ɗaga hannu a kan rufin nan ba, har abokan aiki suka riƙa tsokanarta, in ta shigo sai wani ya ce, "To, ga rufi ya iso."

Sai wata safiya labari ya zo cewa kwamitin lafiya na majalisa zai kawo ziyarar gani da ido. Sista ta yi murnar da ta daɗe ba ta yi ba. Ta zaga gado gado tana faɗa wa majinyata cewa masu yanke kasafi da kansu za su shigo, kowa ya shirya bakinsa.

Wanda ya fi kowa ɗaukar maganar da zafi shi ne Tela. Mutum ne mai ciwon suga, ƙafarsa ta dama ta yi gyambon da ya ƙi jin magani, ya kwana biyu a gadon kusa da ƙofa. Ya aika gida aka kawo masa rigarsa mai kyau, ya ninke ta a ƙarƙashin matashi. Yana ta bitar abin da zai faɗa.

"Sista, zan ce musu ni ɗinki nake yi, na san abin da ya tsage. Ɗakin nan ya wuce faci, sai sabon yadi."

"Ka faɗa musu haka ɗin, Tela, kada ka rage komai."

Da yamma Babban Likita ya aiko kiranta. Ya rufe ƙofar ofis da kansa, abin da bai saba ba, ya zuba mata shayi. Sannan ya gaya mata cewa an aika sunansa majalisa don ya shugabanci hukumar asibitoci, kuma kwamitin nan da zai zo shi ne zai tantance shi. In suka ga ɗakin maza yadda yake, magana ta ƙare.

"Amma Likita, ai don su gani za su zo."

"Su gani su yi me, Sista? Su yi faɗa gaban kyamara, su ɗora min laifi, su tafi. Sai a kawo wani wanda bai taɓa jin warin ɗakinki ba. Ni kuwa in na hau kujerar nan, da rufinki zan fara."

Ba mugun mutum ba ne, ta san da haka. Lokacin da maigidanta ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, Likitan nan ne ya riƙa zuwa gidansu da ƙafarsa bayan ya tashi aiki, yana murza masa hannu, yana koya masa riƙe cokali, har ya miƙe. Bai tuna mata da wannan ba. Da ya tuna mata, da wataƙila ta samu abin riƙewa ta yi fushi. Kallonta kawai ya yi ya ce, "Wuni ɗaya ne, Sista. Ki rufa min asiri."

Ta ce to.

Kafin ranar, asibitin ya koma kamar gidan da ake jiran baƙi daga nesa. Aka shafe bango da farin fenti, aka lulluɓe silin da ya ruɓe da sabon kwali. Aka aro gadaje daga ɗakin kwanan ɗaliban makarantar jinya, aka aro zannuwa daga wani otal, har da tukwanen furanni. Saura abu ɗaya: masu kwanciya. Likita ya ce waɗanda ciwonsu ya yi tsanani, da masu wari, da masu yawan magana, a kai su tsohon sito da ke bayan ɗakin wanki. A cike gadajen da mutane masu kyan gani, waɗanda za a ce suna samun sauƙi.

Masu shara suka kawo mazajensu. Mai gadi ya kawo ƙaninsa. Aka ga har yanzu akwai gado babu kowa, kuma na gaba ne, wanda ido zai fara sauka a kai. Ba Sista ce ta nemi Kawu ba, shi ya ji labari a gidanta ya kawo kansa. Ƙanin mahaifiyarta ne, tsohon ɗan dako da ya ajiye aiki, lafiyayye garau, ba abin da yake so a duniya kamar a taru ana saurarensa.

"Ke 'yar nan, a ce ana neman marar lafiya a gidan nan ki tsallake ni? Ni da na fi kowa iya nishi?"

Da safiyar ranar, ita da kanta ta tura keken Tela zuwa sito. Ya riga ya sa rigar tasa, ya daidaita hula.

"Ina za ki kai mu, Sista?"

"Warin fenti ne, ba ya yi wa ƙirjinku kyau. Ku ɗan zauna a nan kafin ya sha iska."

"In sun iso za a dawo da mu ko?"

"Za a dawo da ku."

Ya gyaɗa kai, ya yarda nan take, don bai taɓa jin ta faɗi abin da ba shi ba ne. Ta ja ƙofar sito, ta koma ta naɗe wa Kawu bandeji a ƙafar da ko ƙaya ba ta taka ba.

Kwamiti ya iso da rana tsaka, motoci a jere, masu kyamara na gudu a gaba. Ciyaman ɗin kwamitin mutum ne mai fara'a da ƙaton agogo, yana tafe yana miƙa wa kowa hannu. Suka shiga ɗakin maza, sai ƙamshin maganin goge ƙasa. Ciyaman ya tsaya kan Kawu ya ce, "Baba, yaya jiki?"

Kawu ya lumshe ido, ya kashe murya. "Ranka ya daɗe, a kan kafaɗa aka shigo da ni. Yau ga ni ina motsa yatsu. A ɗakin nan kafin ka yi tari an miƙo maka ruwa. Ni fa ko an sallame ni ba inda za ni."

Aka kwashe da dariya, Ciyaman ya dafa kafaɗar Likita. Sista tana tsaye a gindin gadon, hannuwanta a baya, tana murza yatsunta.

Cikin 'yan kwamitin akwai mace ɗaya, mai farin tabarau, wadda ba ta yi dariya sosai ba. Ta riƙa ɗaga kai tana duban silin, ta shafa bango ta dubi hannunta. Da sauran suka yi gaba, sai ta riƙo hannun Sista ta ja ta jikin taga, nesa da kyamara.

"'Yar uwa, ni da ke ne, ba mai jin mu. Me kuke buƙata a ɗakin nan?"

Daga tagar ana hango ɗakin wanki da kusurwar rufin sito. Sista ta buɗe baki. Maganar da ta yi shekaru tana faɗa wa duk wanda zai saurara tana nan a kan harshenta. Sai ta hango Likita a bakin ƙofa ya waiwayo.

"Ba komai, ranki ya daɗe. Komai lafiya."

"Kin tabbata?"

"Na tabbata."

Matar ta cire tabarau ta goge. Ta ce a ɗakin nan mahaifinta ya rasu tun tana yarinya, a ƙasa, kan tabarma, kuma ita ce ta matsa sai da aka sa asibitin nan cikin waɗanda za a duba, don ta zo da niyyar yin faɗa a kansa. "Tunda ke kika faɗa, na yarda. Allah ya saka muku."

Motocin ba su daɗe da fita ba hadari ya haɗu. Kafin a gama kwance bandejin masu lafiya, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Sista ta ruga sito ba lema. Rufin can ya fi na ɗaki lalacewa, ruwa ya malale ƙasa, majinyata sun takure a lungu guda. Tela yana kan kekensa, rigar ta jiƙe ta manne masa a jiki, ƙafar tana cikin ruwa. Ya ji ƙarar motoci lokacin da suka zo, ya ji lokacin da suka tafi. Bai tambaye ta komai ba. Ta durƙusa ta ɗaga ƙafar ta ɗora a cinyarta, shi kuwa ya juya fuska bango.

Washegari aka zo aka kwashe gadajen da zannuwan da furannin.

Da aka nuna ziyarar a talabijin, suna zaune a falo ita da maigidanta da Auta, 'yarta ta ƙarshe, wadda ta fara makarantar jinya a shekarar. Sai ga Kawu ya cika allo yana nishi.

"Umma, wannan ba Kawu ba ne? Me ya same shi a ƙafa? Ai jiya na gan shi yana bin akuya." Auta ta matsa kusa da allon. "Wannan ai gadona ne na makaranta. Ga inda na ɗaure ƙarfen da waya. Mu da aka ce mu kwana a ƙasa za a yi feshin ƙwari?"

Maigida ya miƙa hannunsa mai lafiya ya rage muryar talabijin ɗin. Sista ta tashi ta shiga kicin, ta tsaya gaban tukunyar da ba komai a ciki.

Unguwa kuwa ta samu abin hira. Duk inda Kawu ya bi sai a ce, "Baba, ya ƙafa?" shi kuma ya ɗingisa musu, a yi ta shewa. Ita ba wanda ya ce mata uffan, kuma wannan ya fi yi mata ciwo. Ta daina bi ta gaban masu shayi, ta koma zagayawa ta bayan makaranta ko da ta makara.

Bayan 'yan makonni aka yanke wa Tela ƙafar daga gwiwa. Likitan tiyata ya ce mata ko an jiƙa ko ba a jiƙa ba, ƙafar nan ta riga ta tafi. Ta san gaskiya ya faɗa, ita ma ta ga alamar tun farko. Amma sanin bai rage mata komai ba.

Ranar tantancewa, Babban Likita ya ɗauki bas ya kwashi ma'aikata zuwa majalisa don su cika masa benci. Sista ta bi, da niyyar da ba ta gaya wa kowa ba: in aka ce akwai mai magana, za ta miƙe. A hanya ta yi ta jera kalmomin a ranta.

Ɗakin zaman kwamiti ya fi yadda ta zata ƙanƙanta, kuma sanyin na'ura har cikin ƙashi. Dogon tebur mai lanƙwasa, kowane ɗan majalisa da abin magana a gabansa da robar ruwa, Likita shi kaɗai a kujera yana fuskantarsu. Kafin shi, ta ga yadda suka yi wa wani da aka kawo don hukumar magunguna. Suka yi masa tambaya a kan tambaya har gumi ya jiƙa masa wuyan riga, kuma mai farin tabarau ce ta fi matsa masa. Sista ta gyara zama. Ashe dai suna tambaya. Ashe in sun samu bakin zare suna ja.

Da aka zo kan Likita, Ciyaman ya ce wannan ba sai an wahalar da shi ba, sun je sun gani da idonsu. Ya ce asibitin bayan tasha abin koyi ne, shi ya sa ma kwamiti ya cire shi daga cikin waɗanda za a gyara bana, aka mayar da kason ga wuraren da suka fi shi buƙata. Sannan ya leƙa benci.

"Ina Sistar nan tamu? Ai na hango ta. Tashi, baiwar Allah, a gan ki. Irin waɗannan ne ke riƙe da asibitocinmu."

Aka hau tafi. Abokan aikinta suka tura ta ta miƙe. Ga ɗaki ya yi tsit bayan tafin, ga ido duk a kanta, ba za ta taɓa samun dama irin wannan ba. Ta ji bakinta ya ce, "Na gode, ranka ya daɗe." Ta zauna. Aka ce Likita ya rusuna ya tafi.

A banɗakin mata ta tarar da mai farin tabarau tana wanke hannu. Sista ta gaishe ta za ta wuce, sai matar ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Kawunki ya warke?"

Sista ta dafa bango.

"Direbana unguwarku yake. Shi ya ba ni labari, yana dariya, ya ɗauka ni ma zan yi."

"Kin sani, ranki ya daɗe? To me ya sa ba ki faɗa a ciki ba?"

"In faɗa da bakin wa? In ce direbana ya ji a wurin masu shayi? Ni na je, ni na gani, ni na tambayi wadda ta fi kowa sanin ɗakin, ta ce min ta tabbata. Yau ma da aka tashe ki, ke nake kallo." Ta yarfe ruwan hannunta. Ba faɗa a muryarta, gajiya ce kawai. "Mu ba ma jin warin ɗaki daga nan, 'yar uwa. Sai wanda yake ciki ya faɗa."

"In na koma yanzu na faɗa fa?"

"Zama ya tashi."

A bas ana ta waƙa da tsokana, ana kiran Likita da sabon muƙaminsa. Sista ta jingina kai da gilashi kamar mai barci.

Likita bai ci amana gaba ɗaya ba. Sai da damina biyu ta wuce, sannan aka zo aka sauya rabin rufin, kwano ya ƙare, aka ce za a dawo. Ya aiko mata da tayin kujera a hedikwata, ofis mai sanyi, ba wankin gyambo. Ta ce a gode masa. Ta ci gaba da zama a ɗakinta, sai dai ba ta ƙara ɗaga hannu a zaman ma'aikata ba. In sababbin nas suka yi ƙorafi a kan safar hannu suka dube ta don ta sa baki, sai ta sunkuyar da kai. A ganinta ta riga ta sayar da bakin da za ta yi maganar da shi. Haka ta yi har ta ajiye aiki. Auta ta gama karatu, ta nemi a tura ta wani asibiti daban, uwar ba ta tambaye ta dalili ba.

Tela ya koma shagonsa da ke layin masu gyaran waya. Ya cire abin takawa daga keken ɗinkinsa, ya sa na juyawa da hannu. Wata rana Sista ta je da yadi ta ce a ɗinka mata riga. Ya karɓa, ya auna ta, ya gaya mata ranar karɓa, kamar bai taɓa ganinta ba. Ta dawo ta karɓa, ta kawo wani. Ta sake kawo wani. Ta ɗinka wa maigida, ta ɗinka wa jikoki, ta ɗinka labulen da ba ta da tagar da za ta rataya. Kullum sai ta shirya abin da za ta ce masa, kullum sai ta tsaya a bakin shago ta yi maganar tsawon hannu da faɗin wuya.

Ran nan ta zo da wani yadin, ya dube shi, ya dube ta, bai miƙo hannu ba.

"Baiwar Allah, akwatinki bai cika ba? Mutum nawa ne a gidan naku?"

Ta tsaya da yadin a hannu.

"Mayar da yadinki jaka. In zama kike so, ga benci nan, ture ƙyallayen."

Ta ture, ta zauna a ɗan gefe, jakar a cinya. Ya ci gaba da juya keken. Can ya ce idonsa ya fara ba shi wahala wurin zura zare, ko sugan ne? Ta ce zai iya zama shi, ya kamata a duba, kada ya bari ya yi nisa. Ya miƙo mata allurar da zaren. Ta karɓa ta juya wajen haske, ta zura, ta miƙa masa, idonta a kan hannunsa, don har yanzu ba ta iya duban ƙafar wandon da ya ninke ya maƙale da fil ba.